Ba wanda yake bin mai jego bashin Kirsimeti

To, tunda maganar ta zaga gidaje uku kafin ta iso kunnena, bari ni ma in faɗi tawa a fili. Wadda ta je gidan ƙanwata ranar Kirsimeti ta dawo tana ba da labari wai falo kamar an yi yaƙi, wai matar gida ko rakiya ba ta yi mata ba: sannu da aiki, Anti. Allah ya ƙara wa ido gani. Kwana 19 da yi wa yarinya tiyata aka ciro mata ɗa, ke kuma duk abin da kika hango a gidan ƙura ce a kan talabijin.

Ni na kwana a gidan daren jajibiri, don haka ba ji na yi ba. Ƙarfe uku da wani abu na farka na same ta zaune a bakin gado, ta danne wurin ɗinkin da filo saboda tari yana son taso mata, yaro yana nono, kanta yana rangaji don gyangyaɗi. Kofin shayin da na haɗa mata tun ƙarfe goma yana nan a kan kujera, ya yi sanyi ƙalau, kurɓa ɗaya aka yi masa. Ɗan kunne ɗaya ne a kunnenta, ɗayan har yau ba mu san inda ya faɗa ba. Bishiyar da mijinta ya kafa a falo rabinta aka yi wa ado, sauran kayan suna cikin kwali tun ranar da naƙuda ta tashi. Wannan ce matar da ake so ta tashi da asuba ta share gida, ta ɗora tukwane, ta ci ado, ta zauna tana yi wa kowa murmushi.

Ku zo mu yi lissafi, tunda wasu sai da lamba suke yarda. Jariri sabon haihuwa yana shan nono sau 8 zuwa 12 a cikin awa 24, dare da rana, bai san wata ranar hutu ba. A ce kowane zama rabin awa ne, awa huɗu zuwa shida ke nan a zaune wuri ɗaya. Ba a sa lokacin saɓa shi a kafaɗa har ya yi gyatsa ba, ba a sa canjin kunzugu ba, ba a sa wankin da yake taruwa kamar ana haƙo shi daga ƙasa ba. Littafi zai ce miki jariri yana barcin awa 14 zuwa 17 a rana, kuma gaskiya ne, sai dai gutsi-gutsi yake yinsa. Uwar da ta samu awa biyu a jere ta yi babbar sa'a. A cikin wane lokacin ne za ta goge miki talabijin?

Jikin nata ma bai gama komawa ba. Mahaifar da ta kai kusan kilo ɗaya lokacin haihuwa sai wajen mako shida take komawa girmanta na da, jini yana iya ɗaukar makonni kafin ya ɗauke, kuma wadda aka yi wa tiyata ana gaya mata kada ta ɗaga abin da ya fi jaririnta nauyi. Hatta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, a yarjejeniyarta ta shekarar 2000, ta ce hutun haihuwa kada ya gaza mako 14, kuma shida na bayan haihuwa dole ne. Wato ofis ya haƙura da ita, amma dangi ba su haƙura ba.

Na san abin da za a rubuto min. "Ai mu ma mun haihu, kwana uku muka tashi muka kama aiki." Madalla, a ba ki lambar yabo. Wahalar da kika sha ba gado ba ce da za ki raba wa na baya. Wata kuma za ta ce sau ɗaya ake Kirsimeti a shekara. E, kuma baɗi ma za a yi in Allah ya kai mu, ɗinkin cikinta kuwa bana yake buƙatar warkewa. Masu cewa zumunci a ƙafa yake, ban musa ba, amma ƙafar nan da ta kawo ki har falo tana iya ƙarasawa da ke wurin wanke-wanke. Wanda ya shiga gidan mai jego aiki ya je yi. In ba zai yi ba, ya gaisa, ya ajiye abin da ya kawo, ya kama hanya. Baƙo raɓa ne aka ce, wannan raɓar kuwa tun sha ɗaya na safe har bayan magariba ba ta bushe ba.

Abin dariyar ma, bikin wa ake yi? Bikin wata mai jego ce da jaririnta. Ku koma ku karanta Luka sura 2: ta naɗe shi da zane ta kwantar a komin dabbobi, makiyaya suka zo suka gani, suka koma suna yabon Allah. Ba inda aka ce sun tsaya jiran a zubo musu abinci, ba inda aka ce ɗaya ya duba wurin ya ce bai ga alamar shara ba. Masanan da suka zo daga gabas, a Matiyu, kyauta suka kawo, zinariya da lubban da mur. Kuma bisa dokar Musa sai da kwana 40 suka cika kafin a kai yaron Haikali. Mu da muke rera waƙar wannan dare a coci, mun kasa ba tamu ko mako uku.

Bari in ajiye zolaya in faɗi abin da ya fi ci mini rai. Da yamma, falo cike da hira da dariya, na neme ta na rasa. A banɗaki na same ta, ta kunna famfo don kada a ji, tana kuka. Na ce me aka yi miki, ta ce, "Yaya, ba komai, ni dai na gaji, kuma kunya nake ji gidan ba kyau." Kunya! Yarinyar da ko tsayuwa sai ta dafa bango. Kukan da yake zuwa wa mata a kwanakin farko bayan haihuwa sananne ne, yawanci yakan wuce cikin mako biyu. In ya zarce, magana ce ta likita. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan kashi 13 cikin ɗari na matan da suka haihu suna fama da matsalar tunani, galibi ciwon damuwa. Ba na cewa shi ke damunta, za mu gaya wa likita ranar da za ta koma. Amma mutum goma sha wani abu sun ɗauki yaron nan a ranar, sun yi hoto da shi, ba wanda ya dubi uwar ya ce kin yi barci kuwa. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, in ji mu, sai ga shi mace ce ta fita da labarin ƙura.

Ɗaukar yaron ma wani abu ne. Mai mura ya karɓa, mai tari ya karɓa, wani har da sumba a baki. Jaririn da bai kai wata uku ba in zafin jikinsa ya kai digiri 38, asibiti ake nufa da shi a take, ko ƙarfe nawa ne. Ranar da hakan ta faru ba Anti ce za ta kwana a kan benci ba.

Mijin ya yi ƙoƙari, ba zan ci haƙƙinsa ba, shi ya yi wankin ranar. Laifinsa ɗaya, bai iya ce wa 'yan uwansa dare ya yi ba.

Af, kafin in manta. Duk wanda ya kawo rigar nan ja mai hula, mun gode, ta yi masa kyau a hoto. Amma don Allah wa yake ɗinka wa jarirai kaya da maɓalli goma sha ɗaya, kuma duk a baya? Ƙarfe huɗu na asuba na ɓalle su da fitilar waya a baki, na gama maidawa na ga na tsallake ɗaya tun daga sama. Kuma mai kular nan shuɗiya da aka bari ba murfi, ta zo ta ɗauki abarta.