Wasannin 'yan fashin teku: wanne ne ya san teku?

Duk lokacin da gardama ta tashi a tsakaninmu kan wasannin 'yan fashin teku na intanet, sai a maƙale a kan kyan hoto: wane wasa ne ruwansa ya fi sheƙi, wanne ne hayaƙin igwarsa ya fi kama da na gaske. Ni a ganina ba a nan gizo ke saƙa ba. Abin da nake auna wasa da shi shi ne, ya sa ka ji tsoron iska? Ya sa ka buƙaci wani mutum har ka kira sunansa da ƙarfi? Wasan da ya kasa waɗannan, ko da zinariya aka zana jiragensa, bai san teku ba.

Zaman nesa da gida ne ya sa na ɗauki abin da muhimmanci. A kudancin Ingila nake, inda a lokacin sanyi rana ke faɗuwa tun wajen ƙarfe huɗu, kuma abokan da nake hira da su da Hausa sun warwatsu, kowa da ƙasar da karatu ko aiki ya kai shi. Jirgin cikin wasa shi ne wurin da muke haɗuwa. Saboda haka idan na ce wani wasa ya fi wani, ina magana ne a kan wanda ya fi iya tara mutane su yi aiki ɗaya, su ji nauyin juna.

Na fara da Pirates of the Burning Sea, wanda kamfanin Flying Lab Software ya fitar a watan Janairun 2008. An kafa labarinsa a tekun Karibiyan na shekarar 1720. Kana shiga za ka zaɓi ɓangare: Birtaniya, Faransa, Sifaniya, ko kuma 'yan fashi. Sannan ka zaɓi sana'a, ko hafsan sojan ruwa, ko ɗan kasuwa, ko mai jirgin da gwamnati ta ba shi takardar izinin kai wa jiragen abokan gaba hari. Hotunansa yanzu sun tsufa, faɗan takobinsa ma tun asali bai taka kara ya karya ba. Amma wanda ya tsara yaƙin jiragensa ya san abin da yake yi.

A wannan wasa iska ce shugaba. Jirgi mai filafilai ba ya fuskantar iska kai tsaye. Manyan jiragen wancan zamani da ƙyar suke matsowa kusa da ita fiye da digiri 60 zuwa 70, sai dai su riƙa karkata hagu da dama har su isa inda suke so. Don haka wanda ya riga ya kama ɓangaren da iska ke fitowa, shi ke da zaɓi: in ya so ya far maka, in ya so ya jira. Igwoyi kuma a gefen jirgi suke, dole ka juya masa haƙarƙari kafin ka yi harbi, kana juyawa kuwa ka buɗe masa naka. Harsashi ma iri-iri ne. Akwai dunƙulallen ƙarfe na fasa katako, akwai mai sarƙa na yayyaga filafilai da igiyoyi, akwai ƙanana masu watsuwa na rage ma'aikatan jirgi kafin a tsallaka a kama shi. Mai son ganima ba ya nutsar da jirgi, karya masa gudu yake yi. Wannan lissafi duka daga yaƙin gaske aka ɗauko shi, shi ya sa ƙaramin jirgi a hannun mai haƙuri yakan wahalar da babba.

Abin da ya fi burge ni a cikinsa shi ne kasuwa. Kusan duk jirgin kirki da ka gani a ruwa, wani ɗan wasa ne ya ƙera shi. Wani ya sari katako, wani ya haƙo ƙarfe, wani ya saƙa filafilai, wani ya yi jigilar kayan daga tasha zuwa tasha. Idan ɓangarori biyu suka fara takaddama a kan wata tasha, sai jan da'ira ya bayyana kewaye da ita a taswira, duk wanda ya shiga ciki ya halatta a kai masa hari, har da ɗan kasuwar da ba ruwansa. Daga baya a sa lokacin babban yaƙi, jirage sama da ashirin a kowane ɓangare, a fafata a kan wa zai mallaki tashar. Jirgin da aka nutsar kuma asara ce ta gaske. Mutum yakan yi makonni yana tara dukiyar jirgi, ya rasa shi a dare guda. Wannan tsoron asarar shi ke sa a saurari umarnin jagora. Rauninsa ɗaya a wurina: kowa kyaftin ne a jirginsa. Kuna tare, amma kowa da nasa katakon a ƙarƙashin ƙafarsa.

Sea of Thieves, na kamfanin Rare, wanda ya fito a watan Maris na 2018, ya bi ta wata hanya dabam. Tarihi bai dame shi ba. Akwai ƙwarangwal masu riƙe takobi, akwai dodannin ruwa, launukansa kamar na zanen yara. Da farko na raina shi saboda haka. Sai dai ya kama wata gaskiya da sauran suka bari ta wuce su: jirgi aikin hannu ne na mutane da yawa. Ƙaramin jirginsa na mutum ɗaya ko biyu ne, matsakaici na uku, babba na huɗu. A babban, wanda ke riƙe da sitiyari ba ya ganin gabansa idan an saki filafilai, sai wani ya tsaya a goshin jirgi yana faɗa masa. Taswira tana wani ɗaki, sai an sauka an duba. Anka mai nauyi ce, in mutum ɗaya ya tsaya ɗaga ta, abokan gaba sun iso kafin ya gama.

Wani dare muna ɗauke da akwatunan da muka sha wahalar tonowa, wani jirgi ya biyo mu. Harbinsu na farko ya huda mu a ƙasa. Ƙanena ya sauka da katako yana toshe ramuka, ruwa ya kai masa ƙirji, ɗaya abokinmu yana kwasa da bokiti yana hawa yana zubarwa, ni kuma ina sitiyari ba na ganin komai sai farin ƙyalle. Sai muryar ƙanen nawa: "Yaya, karkata dama, akwai dutse! Dama na ce!" Na juya ban tambayi dalili ba. Muka goga dutsen da gefe muka wuce, su kuwa suka dake shi da goshi. A wannan minti babu babba babu ƙarami, wanda ke gani shi ke da magana. Ban taɓa jin haka a wani wasan teku ba.

Akwai kuma wani adalci a tsarinsa. Kusan duk abin da ka saya da zinariyar wasan ado ne kawai: tufafi, fentin jirgi, ƙirar bindiga. Igwar wanda ya shekara biyar yana yi ba ta fi ta wanda ya shigo jiya ƙarfi ba. Kaya kuma ba naka ba ne sai ka kai shi tasha ka sayar. Wasu sun yi ta kukan cewa ana yi musu fashi, har kamfanin ya ƙara wani sashe a ƙarshen 2023 inda mutum zai yi yawonsa ba tare da baƙin 'yan wasa ba. Ban ga laifin wannan ga masu koyo ba, amma teku marar barazana ba ta daɗe tana riƙe hankali. Inda adalcin ya gaza shi ne wajen intanet. Wanda layinsa ke jinkiri yakan harba bayan abokin gaba ya riga ya gusa, in kuma layin ya yanke a tsakiyar faɗa, sauran su rage hannu ɗaya. Ni da ke zaune inda layi ba ya yankewa, na san wani ɓangare na abin da ake kira ƙwarewata ba daga hannuna yake ba.

Skull and Bones kuwa, wanda Ubisoft ta sanar da shi a 2017 bai fito ba sai Fabrairun 2024 bayan ɗage-ɗage masu yawa, shi ya fi ba ni takaici, domin shi ke da wuri mafi kyau: tekun Indiya, daga gabar gabashin Afirka zuwa tsibiran gabas. Lokacin da ya fito an sa masa farashin dala 70. Amma a cikinsa kai ne jirgin. Ka danna, ma'aikata su yi komai. Kama jirgin abokin gaba ɗan gajeren hoto ne da ake nuna maka. Ƙarfi kuma a lamba yake, mai babban mataki ya fi mai ƙarami, sai ka koma tara kaya don ɗaga lambar. Iska tana nan, amma ba ta da iko a kanka yadda ya kamata.

Na ƙara gane girman wannan rashi da na shiga jirgin yaƙin Birtaniya mai suna Victory da ke ajiye a Portsmouth, a nan kudancin Ingila. Ba na zamanin 'yan fashin Karibiyan ba ne, an saka shi a ruwa a 1765, shi ne kuma jirgin Nelson, jagoran sojan ruwan Birtaniya a yaƙin Trafalgar na 1805, amma rayuwar cikinsa ba ta yi nisa da ta waɗanda suka gabace shi ba. Igwa 104, mutum sama da 800. A benayen ƙasa sai ka sunkuya, in ba haka ba katakon rufi ya same ka a goshi. Faɗin wurin da aka ware wa kowane matuƙi ya rataye shimfiɗarsa inci 14 ne. Babbar igwa guda tana cin hannun mutum fiye da goma: mai goge baki, mai cusa albarushi, masu jan igiya, yaron da ke gudu yana kawo albarushin. Wanda ya tsaya a wurin ba zai ƙara yarda da wasan da ya mayar da waɗannan mutane maɓalli guda ba.

'Yan fashin gaske ma sun san haka, shi ya sa suke rubuta yarjejeniya. A dokokin jirgin shahararren ɗan fashi Bartholomew Roberts, kowane mutum yana da ƙuri'a a kan manyan al'amura, kyaftin da mai kula da rabo suna ɗaukar kashi biyu-biyu, wanda ya rasa gaɓa a yaƙi ana biyansa diyya daga dukiyar kowa, fitilu kuma a kashe su da ƙarfe takwas na dare. Abin mamaki, Sea of Thieves mai dodanni shi ya fi kusa da wannan. Ana jefa ƙuri'a a teburin kyaftin kafin a fara tafiya, ana iya haɗa baki a kulle mai ɓarna a kurkukun jirgi, kuɗin ganima kuma kowa daidai yake samu.

Amma akwai inda dukansu suka yi shiru, kuma shirun yana damuna ƙwarai. Kasuwar Pirates of the Burning Sea cike take da sukari da barasar rake da taba, ba tare da an nuna hannuwan da suka noma su ba. Karibiyan ta 1720 a kan bayi take tsaye. Shahararren jirgin Edward Teach, wanda ake kira Blackbeard, wato Queen Anne's Revenge, asalinsa jirgin bayi ne na Faransa mai suna La Concorde, ya kama shi a Nuwamban 1717 da ɗaruruwan 'yan Afirka a ciki. Jirgin Whydah na Sam Bellamy, da ya nutse a gabar Cape Cod ta Amurka a Afrilun 1717 aka gano shi a 1984, shi ma don cinikin bayi aka ƙera shi. A tekun Indiya kuwa, fashin da ya fi kowane suna shi ne na Henry Every a 1695, da ya kama Ganj-i-Sawai, jirgin daular Mughal ta Indiya a zamanin sarki Aurangzeb, yana komawa Surat da dukiya da alhazai. An yi kwanaki ana azabtar da fasinjoji ana cin zarafin mata. Every bai taɓa shiga hannu ba.

Ba ina neman a sa ɗan wasa ya sayar da mutane ba, Allah ya kiyaye. Ina neman a bar waɗannan mutane su bayyana a labarin. Wasan da ya iya auna kusurwar iska, ya lissafa nauyin harsashi, zai iya ba ka damar zama ɗaya daga cikin 'yan Afirkan da suka cika jiragen fashi a wancan lokaci, wasu matuƙa ne ƙwararru, wasu kuma ganima aka ɗauke su. Zai iya sa ka tare jirgi ka buɗe ƙofar ƙasa, ka ga abin da ke ciki, ka tsaya kai da abokanka ku jefa ƙuri'a a kan abin da za ku yi, kuma zaɓin ya biyo ku har ƙarshen wasa. Kayan labarin ma suna nan a ajiye. Roberts, wanda aka ce ya kama jirage kusan 400, ya ƙare ne a gabar Afirka. A Janairun 1722 mutanensa suka ƙona wani jirgi a tashar Wida, a Jamhuriyar Benin ta yau, da bayi kimanin 80 ɗaure a ciki. A watan Fabrairu jirgin yaƙin Birtaniya mai suna Swallow ya kashe shi kusa da Cape Lopez, a Gabon ta yau. Aka kai sauran mutanensa Cape Coast, a Ghana ta yau, aka yi musu shari'a, aka rataye 52. Baƙaƙen fata sama da 60 da aka samu a jiragensa kuwa ba a tsayar da su gaban alƙali ba, sayar da su aka yi.