Shanun da ke hawa dutse da sanyi

Shekaranjiya muka yi musu da wani abokina da ya karanta kimiyyar muhalli. Shi a ganinsa, in ana son fili ya farfaɗo, a zagaye shi da waya, a kori dabba, a ajiye maigadi. Na ce masa wannan maganin yana yi a wani wurin, a wani wurin kuma shi ne ke kashe majinyacin. Ya ƙi yarda. To bari in kawo labarin Burren, ku yi mana alƙalanci.

Burren yanki ne a yammacin ƙasar Ailan, galibinsa cikin gundumar Clare. Falalen dutse ne duk ya tsattsage, irin dutsen nan da ake haƙa a Kalambaina ana yin siminti. Wani hafsan sojan Ingila, Edmund Ludlow, da ya ratsa wurin a 1651 ya rubuta cewa babu ruwan da zai nutsar da mutum, babu itacen da za a rataye shi, babu ƙasar da za a binne shi. Yawanci nan ake tsayar da maganar, alhali ya ƙara da cewa duk da haka shanun wurin sun yi ƙiba ƙwarai. A tsagar duwatsun nan da 'yan filayen da ke tsakaninsu ake samun fiye da kashi biyu cikin uku na nau'o'in tsirran asali na ƙasar baki ɗaya.

Abin da ya riƙe tsirran shi ne wata al'ada ta kiwo da ta juya wa ta sauran Turai baya. A can mutane kan hau tudu da dabbobi lokacin zafi, su sauko da sanyi. Mutanen Burren sai sanyi ya shigo, wajen ƙarshen Oktoba, suke kora shanu sama, su bar su har bazara. Dalilinsu na makiyayi ne: dutsen yana riƙe ɗumi, saniya tana samun busasshen wurin kwanciya, kuma da zafi ruwa zurarewa yake yi cikin tsaga, sai da sanyi ake samun na sha. A watannin nan furanni suna barci a ƙasa. Shanu su cinye tsohuwar ciyawa mai kauri da ta lulluɓe fili, su sauka. Watan Mayu na kamawa, ƙananan tsirran da ba sa iya gasa da doguwar ciyawa su sami rana su fito.

Sai zamani ya zo da nasa. Aka ba da tallafin gina rumfunan shanu, matasa suka kama aikin albashi, hawa dutse kullum ya zama wahala. Wasu suka daina kai shanu sama, kurmin wata bishiya da suke kira hazel ya fara cinye filaye. Waɗanda suka ci gaba kuma sai suka riƙa kai musu ciyawar da aka naɗe a leda ta tsumu. Saniya ba wawiya ba ce. Tunda ga abinci an ajiye, me zai kai ta yawo cikin dutse? Sai ta tsaya gindin abincin ta tattake wurin ya zama caɓi, sauran filin kuwa ko bakinta bai taɓa ba. Ana cikin haka hukuma ta ayyana wurin a matsayin keɓaɓɓe don kare muhalli, ta zo da jerin kada-kada, manoma suka ji kamar an mayar da su masu laifi a gonar kakanninsu.

Nan Brendan Dunford ya shigo. Ɗalibin digiri na uku ne, ya kammala a 2001, kuma wani babban ɓangare na bincikensa zama ne da manoma yana sauraro. Daga wannan aiki aka kafa shirin BurrenLIFE, daga 2005 zuwa 2010, a gonaki 20 kacal, da hukumar binciken noma ta Teagasc da hukumar gandun daji da ƙungiyar manoman yankin a tebur ɗaya. Suka auna abin da ciyawar dutsen ta rasa a ƙarshen sanyi, suka haɗa ɗan abincin ƙari da saniya za ta ci kaɗan, ba ta ƙoshi ba, ta koma kiwo. Aka gyara katangun dutse, aka ja ruwa zuwa kwamin sha, aka sare hanyoyi cikin kurmi.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda suka tsara biyan kuɗi daga 2010. Duk shekara a zagaya kowane fili a ba shi maki bisa goma: yaya aka kiwace shi, an tattake bakin ruwa ko ba a tattake ba, kurmi ya ci gaba ko ya ja baya, waɗanne tsirrai suka fito. Makinka kuɗinka. Filin da makinsa ya yi ƙasa sosai babu ko kwabo. Ba wanda zai ce maka ranar kaza ka shigar da shanu kaza. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Shirin ya kai gonaki sama da 300, kimanin hekta 23,000, matsakaicin maki kuma yana ɗan hawa a hankali. Ba aljanna ba ce, don a 2023 an narkar da shi cikin babban shirin ƙasa na ACRES, Dunford ma ya janye saboda bai gamsu da sabon tsarin ba.

Kada wani ya ce na ce a kwafo. Ciwonmu daban ne. Su dabba ce ta yi kaɗan a fili, mu fili ne ya yi wa dabba kaɗan: burtali ya zama gona, makiyayun da aka keɓe tun dokar keɓe wuraren kiwo ta Arewa ta 1965 an yanyanka da yawansu, inda da gamba da kyasuwa suke yanzu tafasa da garmani ne. Abin da nake jin kishinsa shi ne zaman nan na tebur ɗaya. Na taɓa raka wasu masu bincike ruga, da takardar tambayoyi shafi-shafi. Suka tambayi dattijon rugar shanu nawa gare shi, tambayar da duk mai hankali ya san ba a yi wa Bafulatani. Ya yi murmushi ya ce na Allah ne. Ba wanda ya tambaye shi wace ciyawa ce ta ɓace a fadamar, ko a wane wata ne in an sa shanu gamba ba ta sake tofowa. Da muka taso yana rako mu, shi da kansa ya tsaya ya nuna min da sanda inda ya ce da can ciyawa na shanye mutum a tsaye. Su kuwa sun riga sun shiga mota.

Abokin nawa na tura masa hoton Burren na watan Mayu. Har yanzu dai bai ba ni amsa ba.