An sayi rumbun kan dala biliyan 55, ba wanda ya leƙa ƙasansa

Tun ranar 29 ga Satumba 2025, da aka sanar cewa asusun zuba jarin Saudiyya, PIF, tare da Silver Lake da kamfanin Jared Kushner za su sayi kamfanin wasannin kwamfuta na Electronic Arts kan dala biliyan 55, wayata ba ta huta ba. Duk zauren WhatsApp na 'yan uwanmu Hausawan Jidda da Makka magana ɗaya ce ke yawo: "Saudiyya ta sayi FIFA." Ba FIFA aka saya ba, kuma wasan ƙwallon da kamfanin ke yi ma ya daina amsa wannan suna tun 2023, amma wannan ƙaramar magana ce. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda iyaye suka juya a dare ɗaya. Uban da bara yake fizge abin wasa daga hannun ɗansa yana kiransa shashasha, shi ne yau yake tsayar da ni bayan sallar isha'i: "Malam, wai da gaske yaro zai iya cin miliyan a wannan abin?"

Wato jiya shashanci ne, yau sana'a ce. Wasan bai canza ba, yaron ma bai canza ba. Ƙamshin kuɗi kawai aka ji.

Da wannan ra'ayi nake faɗa, na cewa darajar wasan kwamfuta ita ce kuɗin da ake ci a gasarsa. Masu shi suna da hujja a baki: gasar cin kofin duniya ta wasannin kwamfuta da ake yi a Riyad ta raba sama da dala miliyan 60 a 2024, ta haura miliyan 70 a 2025, kuma gwamnati ta ce tana son wannan fanni ya samar da ayyuka 39,000 kafin 2030. Duk gaskiya ne. Amma kallon kitse ake yi wa rogo. Waɗanda ke hawa wancan dandamali 'yan dubbai ne daga duk duniya, sun tashi cikin horo da masu ɗaukar nauyi, wasunsu ma kafin su kai 30 hannu ya fara sanyi. Sannan ayyukan nan 39,000, a tambayi ɗan da aka haifa a Shara Mansur ta Makka wanda har yau iƙamarsa, wato takardar izinin zamansa, ke hannun kafili, ko yana cikin lissafin. Yaronka zai kwana yana harbi a allo, ya sayi fakitin 'yan wasa da riyal ɗin da ka yi gumi ka samo, ƙarshenta ya fito ba miliyan ba hankali.

A cikin kayan da Electronic Arts ke riƙe da haƙƙinsu akwai wani tsohon wasa da ban ji ko mutum ɗaya ya ambata ba a duk wannan shewa. Sunansa Sid Meier's Alpha Centauri, kamfanin Firaxis ya yi shi a 1999 a ƙarƙashin Brian Reynolds. Labarinsa: duniya ta rikice, Majalisar Ɗinkin Duniya ta tura wani kumbo mai suna Unity zuwa taurarin da suka fi kusa da rana, tafiyar da haske kansa sai ya yi sama da shekara 4 kafin ya kammala. Dab da isa aka kashe kyaftin, mutanen ciki suka rabu gida 7. Kuma ba da ƙabila ko ƙasa suka rabu ba, da aƙida suka rabu: masu bautar kasuwa, masu bautar bincike, 'yan ba-ruwanmu-sai-soja, masu kare muhalli, masu addini, mai mulkin kama-karya da ke ganin mutum tamkar tururuwa, da wani likita da ya nace sai an ci gaba da bin dokokin Majalisar a wurin da Majalisar ba ta san ana yi ba. Suka sauka a shekara ta 2100 a wata duniya mai suna Chiron, kowa ya kafa garinsa.

Kai mai wasa za ka ɗauki gida ɗaya. Babu gudu, babu saurin yatsa. Za ka zauna ka yi tunani: ina zan kafa gari, ina ruwa yake, me mutane za su ci, da wa zan yi sulhu. Kuma a nan ne wasan ya fi duk takwarorinsa, domin ƙasar tana ramawa. Akwai wata jar funfuna da ta lulluɓe doron duniyar, tana hana noma, tana hana tafiya. Kowane sabon ɗan wasa abin da yake fara yi shi ne ya tura injina su kankare ta, ya haƙa rijiyoyi masu zurfi, ya cika gari da masana'antu. Da farko lissafi yana kyau. Sai wata rana funfunar ta ɓarke ta cinye gonakin da ya yi shekara 40 yana gyarawa, tsutsotsi masu shiga ƙwaƙwalwa su fito daga cikinta su afka wa gari, teku ya taso ya haɗiye garuruwan bakin gaɓa. Daga baya ne zai gane cewa abin da ya ɗauka ciyawar banza ce, jijiyar duniyar ce gaba ɗaya.

Wanda yake zaune a Saudiyya bai kamata a yi masa tafsirin wannan ba. A shekarun 1980 ƙasar nan ta ce sai ta noma alkamarta a cikin hamada, ta kuma noma, har ta riƙa sayarwa waje. Wanda ya taɓa leƙowa ta tagar jirgi ya ga korayen da'irorin nan a tsakiyar yashi. Ruwan da aka yi aikin da shi na ƙarƙashin ƙasa ne da ya taru cikin dubban shekaru, ba mai dawowa ba ne da damina ɗaya ko goma. A 2008 gwamnati ta yanke shawarar janyewa, zuwa 2016 aka rufe shirin sayen alkamar gida na wancan tsari. Mu mutanen Jidda kuma muna da namu: ranar 25 ga Nuwamba 2009 ruwa ya biyo tsofaffin hanyoyinsa da aka gina gidaje a kai, ya ci sama da mutum 100, unguwar Ƙuwaiza ta fi kowa ɗanɗanawa. Ruwan da muke sha ma daga teku ake tace shi. In injinan Shu'aiba suka tsaya kwana uku, za mu gane cewa mu ma a wata irin Chiron muke zaune.

Har ruwan sama wasan ya yi wa lissafi. In ka ɗaga tudu, gefe ɗaya ya jiƙe, ɗayan ya bushe, kuma kana iya yi da gangan don ka ƙwace wa maƙwabcinka damina. Ɗan ƙanwata mai shekara 15, da na zaunar da shi a gaban wasan a hutun bara, ya yi wannan mugunta sau ɗaya, sai ya ɗago ya ce, "Kawu, ashe shi ya sa Abha take da ruwa, bayan dutsen kuma babu?" Malaminsa ya koya masa wannan a aji, ya rubuta a jarrabawa, ya manta. Sai da ya yi wa wani satar ruwa da hannunsa ya zauna masa.

Amma abin da ya fi taɓa ni a wasan ba ƙasa ba ce, mutane ne. Duk garin da ya girma, sai wani kaso na mazaunansa ya zama talakawan da ke yin aikin amma ba a lissafa su cikin masu gari. In suka yi yawa sai su yi bore, aiki ya tsaya cak. Wasan ya ba ka zaɓi: ka gina musu wurin hutawa da asibiti, ka kashe kuɗi a kansu, ko ka cika gari da 'yan sanda, ko kuma ka danna wani maɓalli a toshe musu jijiyar ƙwaƙwalwa su daina jin komai. Wannan na ƙarshe shi ne mafi araha a ranar, sai dai sauran gidajen za su saka maka takunkumin kasuwanci. Na ga yaron nan ya tsaya da hannu a kan maɓallin ya kasa dannawa. Ban ce masa komai ba. Shi ya san su waye ke aikin da ba a lissafawa a garin da ya tashi. Yana nan lokacin da aka rushe unguwannin Sabil da Karantina da Gulail na Jidda daga ƙarshen 2021, ya ga abokansa sun watse. A kan taswirar mai tsara gari, waɗancan unguwanni jar funfuna ce da ke hana aiki. Ba na cewa babu dalilin gyara, wanda ya san lungunan nan ya san akwai. Ina cewa akwai bambanci tsakanin mai kallon taswira daga sama da wanda ke zaune cikin ɗigon da za a goge, kuma wasan yana sa ka zauna a kujerun biyu.

Mu ma ai jikokin masu saukar baƙuwar ƙasa ne. Bayan yaƙin Burmi a 1903, inda aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya, jama'a suka ci gaba da tafiya gabas, wasu suka kafa Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu a Sudan, wasu suka yi shekaru suna tsinkar auduga a Jazira suna tara guziri, suka tsallaka daga Sawakin zuwa Jidda. Sun iso wurin da ba su san harshensa ba, ba su san ruwansa ba, suka kafa unguwanni, har sunan Hausawi ya hau bayan rigunan 'yan ƙwallon ƙasar nan irin su Usama Hausawi. Tambayar da wasan ke yi, wato me za ka riƙe daga gida kuma me za ka saki don ka rayu a sabon wuri, kakanninmu sun amsa ta da ƙafarsu. Abin kunya ne a ce jikokinsu ba su san wasan kwamfuta ba sai na bugun fanareti.

Na san abin da za a ce. Wasu malamai za su ce duk ɓata lokaci ne, kuma ba ni da amsa gare su sai dai su fara da masu kwana a majalisa suna gulma. 'Yan jaridar Turai kuma sun ce Saudiyya na wanke sunanta ne da wasanni, kamar su ba da kuɗi suka sayi nasu sunan ba. Akwai kuma masu tuna mini cewa gasar Riyad ta saka ches a 2025, Magnus Carlsen ya ci, ga kuma StarCraft II. To, madalla. Amma StarCraft gasar wa ya fi saurin danna maɓalli ce, ches kuma ba a taɓa yunwa ko bore a cikinsa ba.

Ba wai wasan ba shi da aibi ba. Gidan masu addini an zana su a matsayin masu jan ƙafa a bincike, irin tunanin Bature na cewa imani da ilimi ba sa zama inuwa ɗaya, kuma babu Musulmi ko ɗaya cikin shugabannin 7. Baƙar fata ɗaya da ke cikinsu, Nwabudike Morgan (sunan Ibo ne, ku duba), shi aka ba jakar kuɗi da rashin tausayin ƙasa. Sai a Civilization: Beyond Earth na 2014, wani wasan mai irin wannan labari, aka ga tarayyar Afirka, ƙarin da ya biyo a 2015 ya kawo gidan Larabawa mai suna Al Falah, amma wannan wasan bai kama ƙafar na farkon ba. Sai dai ko wannan aibin abin zama a yi muhawara da yaro ne. Me za ka tattauna da shi a kan wasan da burinsa kawai ka harbe wanda ya leƙo?

Kada kuma kowa ya yi mafarkin cewa sabbin masu kamfani za su farfaɗo da irin wannan. Cikin dala biliyan 55 ɗin nan, biliyan 20 bashi ne da bankin JPMorgan ya ɗauki nauyi, kuma kamfanin ne zai biya. Mai irin wannan bashi ba ya neman wasan da za ka saya sau ɗaya ka yi shekara 20 kana yi. Yana neman wanda za ka riƙa zuba masa riyal kowane mako don ka buɗe fakiti ka ga ko ka dace da ɗan wasan da kake so, abin da in a kasuwar Bab Makka wani ya buɗe shagonsa, da sunan caca za a kama shi. Daga aljihun wa za a biya bashin? Daga na uban nan da ke tambayata ko yaro zai ci miliyan.

Ƙasar da ta aika Yarima Sultan bin Salman sararin samaniya tun 1985, ta aika Rayyana Barnawi da Ali Alƙarni a 2023, ta kuma zana birni mai tsawon kilomita 170 a cikin hamada, tana da dalilin da ya fi na kowa na son 'ya'yanta su saba da tambayar ina ruwa zai fito kuma wa zai yi aikin. Kuɗin fassara wasa irin wannan zuwa Larabci da saka shi a kulob ɗin makarantu bai kai ladan zagaye ɗaya na gasar Riyad ba. Mu kuma namu bai wuce mu zauna kusa da yaran mu ga abin da suke yi ba. Wasan yana nan a shagon intanet na GOG, ya shiga na Steam a 2024, kuɗinsa bai kai na farantin kazar albaik biyu ba, kuma tsohuwar kwamfutar da aka jefar a saman kabad za ta ɗauke shi. Turancinsa yana da nauyi, sai an taya yaro karantawa.

Alhajin da ya tare ni bayan isha'i na gaya masa duk wannan a tsaye. Ya saurara har ƙarshe, ya gyaɗa kai, sannan ya ce, "To Malam, shi wannan naka, nawa ake ci a gasarsa?"