Tunkuza a Al-Fashir, shinkafa a kwatarmu

Assalamu alaikum warahmatullah, 'yan uwa.

Daren Asabar an yi biki a layinmu nan Gwale. Da na fito sallar asuba sai na tarar an juye shinkafa a bakin kwata, da guntayen kaji, har da robobin abinci da ko buɗe su ba a yi ba. Awaki sun ci har sun gaji sun bar ta. Wallahi abin da ya faɗo mini a rai shi ne Al-Fashir.

A wannan birni na yankin Darfur a ƙasar Sudan, lokacin da dakarun RSF, masu yaƙi da sojojin ƙasar, suka yi masa ƙawanya ta wajen wata 18, mutane sun koma cin abin da suke kira ambaz. Tunkuza ce fa, ragowar gyaɗa bayan an matse mai, wadda ake zuba wa dabbobi. Ita uwa za ta jiƙa ta dama wa 'ya'yanta, daga baya ita ma tunkuzar ta yi tsada. Tun watan Agustan 2024 aka tabbatar yunwa na kashe mutane a sansanin gudun hijira na Zamzam da ke kusa da birnin. Ku dubi sunan: rijiyar da Allah Ya ceci Nana Hajara da jaririnta da ita, ga shi a sansani mai sunanta jarirai sun yi ta mutuwa a bayan iyayensu mata.

Yaƙin ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023, cikin goman ƙarshe na Ramadan, tsakanin Janar Burhan, shugaban sojojin Sudan, da Hamidati, jagoran RSF. Alƙiblarsu ɗaya, kuma tare suka yi juyin mulki a 2021. Mutum sama da miliyan 12 sun bar gidajensu. An zauna a Jidda, an yi alƙawarin kuɗi a Faris, an sha sa hannu kan tsagaita wuta ana karyawa kafin tawada ta bushe. Makamai ba su taɓa rasa hanyar shiga ba, motocin abinci ne ke kwana a bakin iyaka suna jiran izini. Waɗanda suka riƙe rayukan talakawa su ne matasan unguwanni masu ɗora tukunya ɗaya, takaya, kowa ya zo da kwanonsa.

Kuma mu Kanawa, Sudan ba baƙon wuri ba ne gare mu. Ta nan kakanninmu suka riƙa bi a ƙafa zuwa Makka, wasu suka zauna. Garin Mai Wurno yana nan bakin kogin Nilu da jikokin waɗanda suka yi hijira bayan yaƙin Burmi da Turawa. Ɗan maƙwabcina yana karatu a Khartum yaƙin ya ritsa da shi, ya yi kwanaki cikin rairayi a iyakar Masar kafin a kwaso su. Har yau idan taya ta fashe a titi sai ka ga ya zabura.

Allah Ya haɗa ni'ima biyu a ƙarshen Li'ilafi: Ya ciyar da su daga yunwa, Ya amintar da su daga tsoro. Kullum muna karantawa a sallah don gajeruwa ce, sai mu idar mu ɗauki waya muna zagin juna kan siyasa da ɗariƙa da izala, har wani ya rubuta "a yi ta ta ƙare". Malam, ka taɓa ganin yadda take ƙarewa? In gemun ɗan uwanka ya kama da wuta ai ruwa za ka shafa wa naka.

Hajiya uwar biki, ki rage tukunya, abin da ya saura a kai tsangaya tun da ɗuminsa. Mai hali ya nemi amintacciyar hanya ya aika da abin da ya sawwaƙa. Ni dai na roƙi limamin masallacinmu ya sa mutanen Sudan cikin alƙunut, ya ce daga asubar gobe in sha Allahu.