Ku Matsa Wa Matuƙin Jirgi

Ɗaurin aure za mu je a Kubwa, can Abuja. Kawu ya ce in shigo motarsa mu yi sammako. Na ce jirgi zan bi. Har lissafi na zuba masa a zaure: Kano zuwa Abuja ta sama wajen kilomita 360 ne, bai cika awa ɗaya ba, ku kuwa sai kun ratsa Zariya da Kaduna, sama da kilomita 400. Na ce, "Kawu, kafin ku kai Kwanar Dangora ina can ina cin tuwo." Hularsa kawai ya gyara.

Gari ya waye da hazo. Jirgin ƙarfe tara ya koma na sha ɗaya, daga nan sai "a yi haƙuri, za a sanar da ku".

Akwai wani bawan Allah da ya zauna kusa da ni, shadda sai ƙyalli. Ya ce in ara masa caja, yanzu zai ba ni. Ya ƙure ƙarar waya yana sauraron saƙon uwargidansa, har duk wanda ke wurin ya san gas ɗinsu ya ƙare, kuma ƙanwarsa ce ta ɗauke tukunyar. Ana kiran 'yan Legas ya miƙe, da shi da cajata. Ta kamfani ce fa, ba ta bakin titi ba. Mutum da shadda irin wannan! Allah ya isa.

Kawu ya kira: "Mun wuce Zariya, ya tuwon?" Ya sake kira daga Tafa, wai sun tsaya cin balangu, ko a riƙo mini. Wayata ta mutu, na ma ji daɗi.

Bayan la'asar muka tashi. Minti hamsin da 'yan kai muka sauka, a nan dai lissafina bai faɗi ba. Daga filin jirgi zuwa Kubwa kuma wata tafiyar ce.

Na tarar ana naɗe rumfuna. Kawu na kan tabarma cikin dattawa yana ɓare goro. Yana hango ni ya ɗaga murya: "Ku matsa wa matuƙin jirgi!" Aka matsa kuwa. Na durƙusa ina gaisuwa, ya ce, "Ɗana, kilomita nawa ka ce ne? Maimaita wa Alhaji, shi ma ya ƙaru." Alhajin nan uban amarya ne, kuma kunnensa da nauyi. Na faɗa. Ya ce, "Iye?" Na sake faɗa da ƙarfi. Ya ce, "To me ya tsare ka?" Wani dattijo ya yi dariya har goro ya shaƙe shi, sai da aka kawo ruwa.

A motar Kawu na dawo, kujerar baya, kular wani a cinyata. Balangun Tafa dai ba laifi.