Ranar da tagar Camaro ta riƙe ni

Har yanzu haƙarƙarina na dama bai daina ciwo ba, don haka duk wanda ya sake turo min bidiyon nan a WhatsApp ban yafe ba.

Kun dai san motata Camaro ɗin nan da uwargida ke kira amarya. Da tashinmu daga Houston zuwa Dallas ya matso, na rantse ba za ta taka titi ba, mil wajen 240 tsakuwa na yi mata zane. Rufaffiyar tirela zan saya. Mai sayarwa ya nuna min wata mai tsawon ƙafa 24, da babbar ƙofa a gefen hagu, wai ta nan ƙofar direba ke samun wurin buɗewa bayan an shigar da mota. Na ce a raina, neman kuɗi dai. Na ɗauki mai ƙafa 20 marar wannan ƙofa. Ai na yi lissafi: faɗin tirela ƙafa 8 da rabi, mota ko inci 75 ba ta cika ba.

Ashe ƙafa 8 da rabin daga waje aka auna.

Tun a hawa bamba ta gurji ƙasa, ƙiiii, sai da muka jera katako. Na shige, na kashe mota ina jin kaina. Na tura ƙofa. Ta buɗe kamar yatsu huɗu, ƙwas, ta daki akwatin da ke rufe tayar tirela daga ciki. Watan Agusta ne, a Texas, cikin kwano, ga ni cikin shadda daga masallacin Juma'a.

Sai na ce bari in bi ta taga. Wanda ya san Camaro ya san tagarta, ba ta fi ta mai karɓar kuɗi a banki ba. Kai ya wuce, kafaɗa ta wuce da addu'a, tumbi ya ce nan ne iyaka. Gaba ta ƙi, baya ta ƙi. Goshina na manne da bango mai zafi, hula ta faɗi ƙarƙashin mota, gwiwata kuma ta sami hon ta danne. Na yunƙura da ƙarfi, sai na ji tazuge ya ce ɗas.

Duk wannan, ƙanin uwargida na tsaye a bakin tirela da waya. "Yaya, ɗan ɗago kai, fuskarka ba ta fita." Yaron da na ɗauko daga filin jirgi da jaka ɗaya! Shekara uku yana cin tuwon gidana, kilishin da aka aiko min daga gida shi ya cinye ya ce ɓera ne, a Houston, a hawa na biyu. Ni na koya masa tuƙi. Ranar da ya daki shingen maƙwabci ko hoto ban ɗauka ba.

Hon ɗin ne ya fito da uwargida. Ta leƙo, ta daɗe tana kallona, ta ce, "Baban Yara, me ya hana ka tada motar ka dawo da baya?"

Sai da suka tura ni ciki kamar buhu, na fito da baya. Washegari na sayo injin jan mota mai igiyar ƙarfe, aka jawo ta ciki ba kowa a kujera. Hular kuwa taya ta bi ta kanta.