Tsayinka kaɗai ba zai zaɓa maka keke ba

Duk wanda ya je sayen keke, tambaya ɗaya ake yi masa: tsayinka nawa? Ya faɗa, a leƙa jadawali, a ce kai M ne, ko kai 54 ne, a turo masa. Wani wurin ma ba a kai wa ga jadawalin. Cewa za a yi ya hau, in ƙafafunsa biyu sun dafa ƙasa yana zaune a kan sirdi, shi ke nan, wai ya yi masa daidai. A ganina waɗannan hanyoyi biyu sun raba mutane da yawa da keke. Mutum ya saya da marmarinsa, ya hau 'yan makonni, gwiwa ta fara ciwo, wuya ya riƙe, yatsu su riƙa mutuwa, sai ya jingine shi a lungu ya ce ai girma ne ya zo, ko ya ce shi dama keke bai karɓe shi ba. Alhali firem ɗin da aka ba shi, wato ƙarafan jikin keken, shi ne ba na jikinsa ba.

Abin mamaki, mutanen da ba su san wannan sakaci ba. Kekunan shekarun 1870, masu ƙatuwar taya a gaba da 'yar mitsitsiya a baya, ba su da sarƙa, fedar a jikin tayar gaba take. Saboda haka tsawon ƙafarka ne ke yanke girman tayar da za ka saya. In ta fi ka, ƙafarka ba za ta kai feda ba, babu wata dabara. A 1885 John Kemp Starley ya fito da kekensa mai suna Rover a birnin Coventry na Ingila, mai sarƙar da ke juya tayar baya, tayoyin biyu kuma kusan kai ɗaya. Daga nan keke ɗaya ya iya ɗaukar dogo da gajere, a ɗaga sirdi ko a sauke. Alheri ne babba, amma shi ne ya sa aka ɗauka an gama da maganar awo, tunda ga sifana a hannu.

To amma abu ɗaya sirdi ke gyarawa in ka ɗaga ko ka sauke shi: nisan da ke tsakanin mazauninka da feda. Nisan da ke tsakanin sirdi da hannun keke, wato yadda za ka miƙe gaba kafin ka kama birki, wannan yawancinsa a jikin firem yake, an riga an yi masa walda. Kuma shi ne awon da ba a tambaya.

Ɗauki mutum biyu, kowannensu santimita 175. Na farko daga ƙasa zuwa matsematsinsa santimita 80, na biyu 86. Tsayi ɗaya, jiki daban: na farko gajeriyar ƙafa da doguwar gangar jiki, na biyu doguwar ƙafa da gajeriyar ganga. Akwai tsohon lissafin da ake yi wa keken tsere, a ninka tsawon ƙafa da 0.65 a samu girman firem. Na farko zai samu 52, na biyu kusan 56. Kamar an warware matsala, ko? Ina! Firem mai lamba 56 ba tsayi kawai ya fi mai 52 ba, ya fi shi tsawo daga baya zuwa gaba. Ke nan an ɗauki mai gajeriyar ganga an ɗora shi a kan dogon keke, ya riƙa miƙewa kamar zai kamo wani abu da ya tsere masa, gwiwar hannu a sandare, kai a ɗage, wuya yana shan wahala. Mai doguwar ganga kuma an cusa shi a gajeren keke, bayansa ya lanƙwashe, gwiwoyinsa suna neman bugun hannun keke. Jadawalin tsayi zai ba su keke iri ɗaya ya cuce su, lissafin ƙafa kuma zai iya ba kowa keken da ya fi dacewa da gangar ɗan'uwansa. Tela ma da zai ɗinka maka riga ba ya tsayawa a tsayinka, sai ya auna kafaɗa da hannu da wuya, ga shi kuwa riga ba ta ɗaukar nauyin kowa.

Ita kanta lambar da ke manne a jikin firem, kada ka ba ta amana da yawa. A al'ada tana nufin tsawon bututun da ƙarfen sirdi ke shiga, daga cibiyar feda, wato inda ƙarafan feda biyu ke juyawa, zuwa sama. Sai dai wani kamfani yana tsayar da awonsa a tsakiyar sandar sama, wani kuma sai ya kai bakin bututun, kuma tsakanin biyun akwai tazara. Keken tsere ana auna shi da santimita, na hawan dutse an saba auna shi da inci. Sannan a shekarun 1990 kamfanin Giant, tare da injiniya Mike Burrows, ya kawo firem ɗin tsere mai sandar sama da ta gangaro ta baya, sauran kamfanoni suka bi sahu. Tun daga lokacin bututun sirdi ya gajarce, lambar ta zama suna kawai. Za ka ga an rubuta 54, ka sa tef ka auna, ba ka sami 54 a ko'ina ba. S da M da L kuwa sun fi muni, M ɗin wannan kamfani yana iya zama L ɗin wancan.

Lambobi biyu ne nake ganin sun cancanci a duba, kuma manyan kamfanoni suna saka su a jadawalin awon firem. Dukansu daga cibiyar feda ake fara su, su ƙare a saman bututun gaba, inda wuyan keke, wato guntun ƙarfen da ke riƙe hannun keke, ke zama. Ɗaya yana auna nisan a kwance, wato yawan miƙewar da za ka yi. Ɗayan yana auna shi a tsaye, wato yawan sunkuyawar da za ka yi. Da waɗannan biyun za ka iya gwada keken kowane kamfani da na wani ba tare da an ruɗe ka da haruffa ba. In kana da keken da ka taɓa jin daɗinsa, auna nasa ka rubuta a waya, ka fi mai jadawalin tsayi sanin abin da kake nema.

Tsawon ƙafa ma yawancin mutane ba su san nasu ba, awon wando suke faɗa, shi kuwa ya gaza na gaskiya. Cire takalmi, ka jingina bayanka da bango, ka ɗan buɗe ƙafafu. Ɗauki littafi mai kauri ka sa tsakanin cinyoyinka, gefensa ɗaya manne da bangon, ka ja shi sama har ya matse ka yadda sirdi zai matse ka. Kada ka ji kunya ka tsaya a rabin hanya, nan ne ake asarar santimita biyu ko uku. Wani ya ja layi da fensir a saman littafin, ku auna daga ƙasa zuwa layin. Wannan lambar ka ninka da 0.883, ka sami nisan da ya kamata ya kasance daga cibiyar feda zuwa saman sirdi. Lissafin ya yi suna ne ta hannun Greg LeMond, ɗan Amurkan da ya ci gasar tseren keke ta Tour de France a 1986 da 1989 da 1990. Mai ƙafa 80 zai sami kusan 70.6, mai 86 kusan 76. Mafari ne kawai, domin bai san girman tafin ƙafarka ba, bai san kaurin takalminka ba. In babu tef a kusa, ɗora dunduniyarka a kan feda ka kai ta can ƙasa: ƙafar ta miƙe sosai ba tare da ƙugunka ya karkata ba. Da ka mayar da gaban tafin ƙafa kan fedar, gwiwa za ta ɗan lanƙwasa, abin da ake so ke nan. Masu auna 'yan tsere suna neman lanƙwasar ta faɗa tsakanin digiri 25 da 35.

A nan ne maganar ƙafa ta dafa ƙasa ke rushewa. A mafi yawan kekuna, in sirdi yana inda ya kamata, yatsun ƙafarka ne kawai za su taɓa ƙasa kana zaune. In za ka tsaya, sauka za ka yi daga sirdi ka tsaya, sandar sama tana tsakanin ƙafafunka. Wurin da ake bukatar ƙafa biyu a ƙasa ke nan, kuma a sami sarari tsakaninka da sandar, aƙalla kamar faɗin yatsu biyu, fiye da haka in keken hawan dutse ne. Wanda ya taɓa taka birki da gaggawa ya diro kan sandar keken da ya fi shi, ba sai an yi masa bayani ba.

Wani zai ce duk wannan ai na 'yan tsere ne, shi da zai ɗan zaga unguwa me ya dame shi da milimita? Akwai gaskiya a ciki. Keken da ake zama a miƙe, hannunsa ya dawo kusa da ciki, yana yafe kuskure da yawa, tafiyar minti goma kuma ba ta tona asirin komai. Amma yi lissafi: mai tuƙi a natse yana juya feda sau 80 zuwa 90 a minti ɗaya, kusan sau 5,000 ke nan a awa. Ɗan kuskuren da ba ka ji ba a juyi na farko, gwiwarka za ta maimaita shi sau dubu biyar kafin awa ta cika. Kuma jiki yana faɗar inda matsalar take in an saurare shi. Ciwo a gaban gwiwa galibi sirdi ya yi ƙasa. Ciwo a bayan gwiwa, ko ƙugu yana rawa hagu da dama, ya yi sama. Ƙaramin yatsa da na kusa da shi suna mutuwa, nauyi ya yi yawa a tafin hannu har ya danne jijiyar da ke bi ta wurin. Wuya da tsakanin kafaɗu suna zafi, hannun keke ya yi nisa ko ya yi ƙasa. Masu cewa ka daure za ka saba, su nake jin haushi. Mazauni yana sabawa da sirdi a 'yan hawan farko, wannan gaskiya ne. Gwiwa ba ta sabawa, lalacewa take yi.

In ka faɗa tsakanin girma biyu, ni ƙaramin nake ba da shawara, sai fa in kana da doguwar ganga da dogayen hannuwa. Hanya mai sauƙi ta sani: buɗe hannuwanka ka auna daga yatsa zuwa yatsa, in ya fi tsayinka sosai, babban zai iya karɓarka. Dalilina shi ne ƙaramin firem ana iya ƙara masa, a sa wuya mai ɗan tsawo, a ɗaga ƙarfen sirdi. Babban ba a rage shi. Amma ƙarin ma yana da iyaka. A jikin ƙarfen sirdi akwai layin da aka zana, in ka zaro shi har layin ya fito fili, kana iya fasa bututun ko ƙarfen ya karye da kai. Wuyan keke kuma santimita ɗaya ko biyu ake sauyawa lafiya, in ya wuce haka tuƙin keken ya canza hali, gajere sosai ya sa kan keken tsere ya yi rawa, dogo sosai ya jefa nauyinka kan tayar gaba. Kuskuren da na fi gani shi ne a tura sirdi gaba don a kusanto hannu. Matsar da sirdi gaba ko baya don daidaita ƙugu da feda ake yi, in ka yi shi don gyara nisan hannu, ka ɗebe ciwo daga wuya ka kai shi gwiwa.

Gajerun mutane su ne aka fi zalunta a wannan harka. Ana ƙanƙanta musu firem amma a bar musu manyan tayoyi, sai gaban takalmi ya riƙa gogar tayar gaba in an karya kwana a hankali. Georgena Terry, injiniyar da ta kafa kamfanin kekunan mata a Amurka a 1985, ta magance wannan da sa ƙaramar taya mai inci 24 a gaban ƙananan kekunanta, don firem ya gajarce da gaske. Ga kuma ƙarfen feda, wanda kusan kowa ke karɓa yadda ya zo, 170 ko 172.5 ko 175 a milimita. Mai gajeriyar ƙafa da dogon ƙarfe, gwiwarsa tana tahowa har kusa da ƙirji a kowane juyi. Ɗan tseren keke Tadej Pogačar da kansa da ƙarfe mai milimita 165 ya ci Tour de France a 2024, don haka babu abin kunya a gajeren ƙarfe. Faɗin hannun keken tsere shi ma ya bi faɗin kafaɗa, kuma mai ƙananan yatsu ya duba ko yana kamo birki ba tare da ya saki riƙonsa ba, yawancin birkunan zamani suna da 'yar ƙusar da ake juyawa a kusanto da su.

Yara kuwa, don Allah a daina saya musu wanda za su girma su tarar. Kekunansu da girman taya ake auna su, inci 12, 16, 20, 24, kuma yaron da aka ɗora a kan wanda ya fi shi ba ya iya tsayar da shi, tsoro yake koya kafin ya koyi tuƙi. Shi mai koyo ne ma aka yarda a sauke masa sirdi har ƙafafunsa su dafa ƙasa, a riƙa ɗagawa yana gwanancewa.

Kafin ka biya, hau ka yi tafiya ta gaske, ba zagaye ɗaya a bakin ƙofa ba. Ka karya kwana, ka taka birki da ƙarfi, ka tashi tsaye a kan feda, ka lura ko gwiwar hannunka tana ɗan lanƙwashe da kanta, ko kuwa kana ta zamewa zuwa hancin sirdi don ka kai. Bayan ka kawo shi gida, abu ɗaya za ka riƙa sauyawa a lokaci guda, milimita uku zuwa biyar, ka hau sau da dama kafin ka sake taɓawa. Ka manna ɗan salatif a jikin ƙarfen sirdi daidai inda ka fara, don in gyaran bai yi ba ka san inda za ka koma. Ciwon da ya ƙi tafiya bayan an gyara awo, ko mutuwar yatsun da ke kwana da kai bayan ka sauka, wannan a kai wa likita.